Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam ESP8266

Ina fata kana nan lafiya cikin robar da na rufe ka a gindin tankin ruwa. Ya zafi, ya ƙura? Ka miƙa gaisuwata ga ƙanenka ESP32, da kuma dattijo Arduino Uno in za ka iya ɗaga murya, tunda shi ba a haife shi da kunnen Wi-Fi ba.

Dalilin wannan takarda shi ne mu tantance wane ne maigida tsakanina da kai, don maganar ta fara shige mini duhu.

Na bincika asalinka kafin in ɗauke ka aiki. Kamfanin Espressif na birnin Shanghai ne ya ƙera ka, ka fito kasuwa a 2014 a kan ɗan allon nan ESP-01 mai ƙafa takwas, ana sayar da kai wajen dala 5, takardun bayaninka kuma da Sinanci, sai da masu sha'awar haɗe-haɗe suka yi ta fassarawa. A lokacin yaron Arduino aka ɗauke ka: shi ya yi tunani, kai ka ruga ka kai saƙo. Ba a jima ba jama'a suka lura yaro ya fi ubangidansa. Shi dattijon, wanda zuriyarsa ta faro a garin Ivrea na Italiya a 2005, gudun ƙwaƙwalwarsa megahaz 16 ne, ma'ajiyar tunaninsa kilobayit 2. Kai kuwa 80 kake yi ko gumi babu. Sai aka sallame shi aka bar maka shagon. Ashe ture iyayen gida gadonka ne, ba a kaina ka fara ba.

Abin da na nema wurinka kaɗan ne. Ka duba ruwan tanki, in ya yi ƙasa ka kunna injin turo ruwa, in ya cika ka kashe. Da can yaro ɗan shekara goma ke wannan aiki da kunnensa; yana jin ruwa ya fara zuba sai ya ruga ya danna makunni. Yanzu fa? Ka harba sauti cikin tanki ta na'urar HC-SR04, ka ƙirga lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo, ka mayar da shi santimita. Ka gaya wa rauta, na'urar Wi-Fi ta gida. Rauta ta kai wa dillali, wato Mosquitto. Dillali ya sanar da Home Assistant, manhajar da Paulus Schoutsen ya fara rubutawa a 2013, wadda ke zaune cikin 'yar kwamfutar Raspberry Pi a falo. Ita ta duba dokar da na rubuta, ta yanke hukunci, hukuncin ya bi sawu ya komo gare ka, sannan ka ga damar taɓa rile, makunnin da ke kunna inji. Duk wannan tafiya, alhali tsakanin tanki da inji taku kaɗan ne. Ɗaya daga cikinku ya yi gyangyaɗi, tsakar gida ta zama tafki. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Sai kuma sharuɗɗanka, waɗanda ko amarya 'yar sarki ba ta zo da irinsu ba. Volt 3.3 kake ci, ba ƙari. Wanda ya ɗura maka 5 ya shirya jana'iza. Ita kuwa na'urar auna ruwan da volt 5 take amsawa, dole a sa 'yan resisto biyu a tsakani su rage mata murya. Wi-Fi sai na zangon gigahaz 2.4, na 5 ko kallo bai ishe ka ba. In za ka aika saƙo sai ka zuƙi wuta lokaci guda, caja in mai rauni ce ka suma ka farfaɗo ka fara daga bismillah. Ƙafarka ta GPIO0 in ta taɓa ƙasa lokacin tashi, sai ka ƙi aiki ka zauna jiran sabon karatu. Wasu ƙafafun kuma suna ɗan zabura yayin da kake farkawa, rilen da aka ɗaura musu ya yi ƙas-ƙas, inji ya yi tari. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, kai cikin daƙiƙu ka miƙe, rauta kuwa sai ta gama miƙa da hamma, ka tsaya kana ƙwala kira ba mai amsawa. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan wasan kwaikwayo ba shi da ranar hutu.

Amma gaskiya ɗaya ce, akwai halinka da ya burge ni, kuma daga yaren da kuke yi da dillali ka koyo shi. Yaren nan, MQTT, ba don tankina aka ƙirƙiro shi ba. Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper ne suka tsara shi a 1999 don sa ido kan bututun mai da ke can nesa da gari, inda saƙo ke bi ta tauraron ɗan'adam, kowane harafi da kuɗinsa, layi kuma yana iya yankewa kowane lokaci. Shi ya sa ba ku da dogon zance. Ba ka san wa ke sauraronka ba, ba ka kuma tambaya. Ka ajiye labari wurin dillali ƙarƙashin wani kanu, duk wanda ya yi rajistar wannan kanun a miƙa masa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wasiyya. Duk sa'ar da ka haɗu da dillali, kafin ka ce uffan kan ruwa, sai ka bar masa amana: in ka ji ni shiru fiye da ƙa'ida, ka shelanta wa jama'a cewa na tafi. Ranar da caja ta mutu ko ɓera ya ci waya, dillali ya jira wa'adi, ya buɗe wasiyya, Home Assistant ta dusashe sunanka a fuskar wayata. Manyan mutane masu gidaje da gonaki sun bar duniya ba su yi wannan tanadi ba, 'ya'yansu na nan suna zarya a kotu. Kai da ba ka mallaki komai ba sai eriya, kullum wasiyyarka a shirye. Allah ya yi maka albarka a kan wannan.

Kada dai kanka ya kumbura. An ce ESPHome, wadda Otto Winter ya fara kuma kamfanin Nabu Casa ya karɓa a 2021, ta sauƙaƙa renonka: ba sai mutum ya iya C++ ba, ya rubuta buƙatunsa cikin fayil ɗin YAML, manhaja ta mayar da su karatun da kake ganewa, har ta tura maka ta iska ba tare da an kwanto ka daga gindin tanki ba. Haka ne, kuma ta iya haɗa ka da Home Assistant kai tsaye, dillali ya huta. Sai dai YAML alƙali ne mai tsanani. Tazarar da ke farkon layi ita ce shari'arsa. Gurbi biyu ya zama uku, an kori ƙara. Home Assistant kuma kowane wata sai ta fito da sabon zubi, tare da jerin abubuwan da suka daina aiki yadda aka saba. Mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye, maimakon hira da iyali, ya zauna karatun sanarwa. Uwargida ta riga ta sa maka suna, ba zan rubuta shi a nan ba.

Kana iya tambaya me ya hana ni sallamarka in sayo na kwali, wanda ake haɗawa da taɓawa biyu. Abin da ya hana ni shi ne da yawansu ba sa kunna ƙwan fitila sai sun nemi izinin wata sabar da ke wata nahiya. A 2016 Nest ta rufe hidimar Revolv, akwatunan da mutane suka saya da kuɗinsu suka zama kayan ado. A 2022 sabobin Insteon suka yi shiru dare ɗaya, masu gidaje suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta amsawa. Kai duk tsirfarka, sirrin gidana ba ya ƙetare katanga. Data ta ƙare, kana aiki. Ba kuma wanda zai zauna a wani ofis ya san ƙarfe nawa muke wanka.

Saboda haka ga yadda za mu zauna daga yau. Dokar kashe inji za ta koma cikin kanka, ka zartar da ita ko rauta na barci ko Raspberry Pi ya shiga wani hali. Labari kawai za ka riƙa aika musu. In wuta ta dawo, ka tashi da inji a kashe, kada ka ce ka tuna inda aka tsaya. Ɗan rilenka mai shuɗiyar riga ba zai ɗauki nauyin inji a kan volt 230 ba, zai dai taɓa kontakta, wadda mai gyaran wuta zai ɗaura da hannunsa. Za a kuma sa makunni mai yawo a kan ruwa, wanda bai san Wi-Fi ba balle YAML, ya yanke wuta in tanki ya cika ko kana so ko ba ka so. Makunnin bango yana nan daram, kowa a gidan nan yana da ikon danna shi ba tare da ya nemi wayata ba.

In ka amince, ka ƙyafta shuɗiyar fitilarka sau biyu. In ba ka amince ba, ESP32 na cikin durowa tun fitowarsa yake neman aiki, ƙwaƙwalwa biyu gare shi har da Bluetooth, kuma ka fi kowa sanin yadda ake yi wa na gaba a zuriyarku.

Ka huta lafiya.

Ni ne naka,
Mai biyan kuɗin wuta.