Shawarwari bakwai ga mai son kare akuyarsa

Daren Alhamis ɗin da ta wuce, wajen ƙarfe biyu da rabi, wani bawan Allah ya haura katangar gidana a nan Jahun, ya kwance jar akuyata daga turke, ya fita da ita ta zaure kamar wanda ya zo karɓar ajiyarsa. Ba barci nake ba. Na ma fito. Abin da ya biyo baya ne ya mai da ni masani, domin tun daga ranar ba abin da nake ƙona wa data sai yadda mutanen duniya ke kare kansu da tarkacen gida. Ba zan tsaya ce maka ka kulle ƙofa ba. Ni ma na kulle, ta ciki ya buɗe.

Shawara ta farko, ka san inda makaminka ya kwana. Ina da gora, ta gaske, kyautar wani abokina Bafulatani, ta sha man shanu har ta yi ja. Shekara huɗu tana jingine a bayan ƙyaure tana jiran wannan dare. Da daren ya zo na laluba ban ji ta ba, ashe uwargida ta tokare igiyar shanya da ita tun la'asar. Hannuna ya faɗa kan wani abu mai kauri, na finciko, na yi tsakar gida ina huci. Sai daga baya, da aka haska fitila, jama'a suka ga muciya ce, da ɓurɓushin tuwon jiya a jikinta.

Ta biyu, ka koyi fita daga gidan sauro. Ka riƙa gwadawa da rana, kana duba agogo.

Ta uku, kada ka ji kunyar muciya. Ni na ji, har sai da na ci karo da labarin Paulus Hector Mair, wani babban ma'aikacin baitulmalin birnin Augsburg a ƙasar Jamus. Mutumin nan ya sa an rubuta masa manyan littattafai na dabarun faɗa, da zane-zane masu launi, kuma bai tsaya kan takobi da mashi ba. Akwai babi sukutum a kan faɗa da lauje, irin wanda muke yankan shinkafa da shi a fadama, da wani a kan sandar sussuka, da wani a kan kulkin baƙauye. Ka ga mutum biyu sun ci ado, kowa da laujensa, suna neman wuyan juna. Kuɗin aikin da na ƙawar da yake yi daga asusun birni ya riƙa ɗiba, aka gano, aka rataye shi a 1579. Wato babban malamin kare kai da lauje, shi kansa ɓarawo ne. Na karanta wannan na ajiye waya na yi shiru, don ban san wa zan yarda da shi ba kuma.

Ta huɗu ta babbar riga ce. Wani injiniya ɗan Ingila, Edward Barton-Wright, ya yi shekara uku a Japan, ya koma Landan a 1898 ya haɗa wani salon faɗa ya raɗa masa suna Bartitsu, rabi sunansa rabi sunan kokawar Japanawa. Ya koya wa masu hali yadda za su kare kansu da sandar dogarawa, kuma ɗaya daga cikin dabarunsa ita ce ka watsa wa ɗan ta'adda kwat ɗinka a fuska, kafin ya yaye ka kai shi ƙasa. Na ce ai mu ne da wannan, wa ya kai mu yadi? Na kira ƙanina muka gwada da rigar Sallata. Na watsa masa, ya cafe, ya ce, "Yaya, in ni ne ɓarawon ai ka ƙara mini shadda a kan akuya." Makarantar Baturen ma ba ta wuce 1902 ba ta rufe.

Ta biyar, tocila. A nan ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni. Wane ne ya fara kawo mana tocilan nan masu caji? Ran da ka saya, mai shago zai haska maka ita da tsakar rana ka ga tana gasa da rana, ya ce tana kwana uku ba a sake caji ba. Jikinta akwai rediyo, akwai wurin cajin waya, wata ma har da jiniya. Ka kai ta gida, sai ka tuna da me za a yi cajin. Wuta ta zo ƙarfe ɗaya na dare ta ɗauke ɗaya da kwata, ka kai wa mai caji a bakin titi ya haɗa ta da wayoyi arba'in a janareta ɗaya, ka biya, ka dawo da ita, yara su ƙarar da ita wajen neman gyare a bayan ɗaki. A daren da nake ba ku labari na danna tawa, ta yi wani ja-ja kamar idon mai zazzaɓi, ta haska mini babban yatsana, ta mutu. Na sake dannawa da ƙarfi sai rediyon ya kama. Ina tsaye tsakar gida, muciya a dama, a hagu wata tasha tana shuuu, ɓarawo kuwa ya san daidai inda nake, ni ban san inda yake ba. Tocila ta uku ke nan da na saya a bana. Ta da, mai batir biyu da jikin ƙarfe, ko ta mutu ka iya rotse mutum da ita. Wannan ko ƙadangare ka jefa da ita sai dai ka tsinci ɓaraguzai.

Ina muka tsaya? Ko ta nawa ce, ga ta: ka bar wa mata aikin. A wani littafin faɗa na Hans Talhoffer na 1467 an zana yadda ake raba gardama tsakanin mace da namiji a gaban shari'a. Namiji yana cikin rami iya ƙugu da kulki a hannu, mace tana waje tana zagaya shi da dutse ƙulle a cikin mayafi. Na nuna wa uwargida hoton, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, ramin nan wa ke haƙawa?" Ban sake nuna mata komai ba. Amma gaskiya ita ce a daren nan ita kaɗai ta yi abin kirki. Ba ta nemi tabarya ba, ba ta nemi yaji ba, ta buɗe murya ta kwarma ihu, wanda na tabbata an ji shi har hanyar Kiyawa.

Ihun ya yi aiki. Maƙwabta suka fito, mai gatari, mai fartanya, mai barandami, wani da danƙon harbin tsuntsu. Suka afko zaure a duhu, suka tarar da mutum tsaye ba riga, riƙe da wani abu a hannu. Duka ɗaya tak aka yi a unguwarmu a wannan dare, kuma a kafaɗata ya sauka. Ina ta faɗin "Ni ne! Ni ne!", wani daga baya yana cewa ai duk haka suke faɗa. Ni kuma garin kare kaina na kai wa iska muciya, na fasa randar da aka kawo uwargida da ita. Tun daga ranar, in na ji an ce an kama ɓarawo jama'a sun taru a kansa, gabana faɗuwa yake, don na san yadda ake tantancewa.

Da gari ya waye sai 'yan "da ni ne" suka iso, su ne suka fi ɓarawon ƙona mini rai. Da ni ne da na yi masa ƙafa. Da ni ne da na laɓe a bayan rumbu. Wani tsohon ɗan dambe ya naɗe hannu da rawani yana nuna mini yadda ake kai bahago, wani ya ce in nemi maganin tauri, kamar akuyar da wuƙa aka ɗauke ta daga jikina. Wanda ya fi kowa bayani shi ne wanda ya maka mini sanda. Duk sun sha shayina, ba wanda ya tambayi kafaɗa. Mutum ɗaya ne ya yi magana mai ma'ana, wani dattijo da ya ce in gode wa Allah da ban cim ma yaron ba, domin mai haura katanga da dare ba ya zuwa hannu sake, kuma ba a taɓa yin akuyar da ta kai rai ba. Na so in yi musu, kafaɗa ta hana.

An ce rana dubu ta ɓarawo, ɗaya ta mai kaya. Ban san inda aka kwana a lissafin ba, ni dai tawa ba ta zo ba tukuna. Saura shawara ɗaya ko biyu, amma lokacin gasa kafaɗa ya yi.

Jama'a, wanda zai ci kasuwar Gujungu ran Lahadi ya taimaka ya duba mini a kara. Ja ce, kunnen hagu a tsage, tana da ciki, kuma ba ta cin dusa sai an zuba gishiri. In kun ganta kada ku taɓa kowa, ku dai aiko a gaya mini.