Yadda Ake Tsimin Wutar da Ba a Kawo Ba

Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa matakin farko na tsimin lantarki shi ne ka kashe ƙwai idan za ka fita daga ɗaki. Malam, in a Kurna ko Rimin Kebe ta Kano kake, an ɗauke maka wannan wahalar. Akwai masu kashe maka, kana ciki ko kana waje, ba sai ka roƙa ba. Abin da ya rage gare ka shi ne ka koyi lallaɓa 'yar wadda ake kawowa.

Fara da sanin rukuninka. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na 'yan Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Su kuwa 'yan Band E awa 4 aka yanka musu, a takarda. Abin lura, ba aljihunka ake dubawa ba, layin da ya ratsa unguwarku ake dubawa. Saboda haka in Allah ya haɗa ka layi ɗaya da masana'anta ko gidan wani Alhaji, barka da arziki, ka zama babban mutum, saura ka nemo kuɗin.

Daga nan ka ɗaga kai ka kalli ƙwan ɗakinka. In har yanzu jan ƙwan nan ne mai wat 60, ka sani murhu ka rataya a sama, domin mafi yawan wutar da yake sha zafi take komawa, hasken kuwa ɗan ihsani ne. Ka kunna shi awa biyar kullum, a wata ya lashe yunit 9. Farin ƙwan LED mai wat 9 zai ba ka haske irin wannan da yunit ɗaya da 'yan kai. Amma ka tabbata kana da mita kafin ka yi murna. Wanda ake kawo wa bil na kintace, ko da ashana yake haska gidansa, mai lissafin ba ya gani daga ofis.

A gidan haya mai mita ɗaya kuwa, ilimin ya fi zurfi. A kira taro ranar Lahadi, a ƙidaya ƙwai da fanka da talabijin na kowane ɗaki, a raba kuɗi. Kowa zai rantse caja kawai yake jonawa. Kada ka yi gardama da kowa. Ka tashi da asubar hunturu ka tsaya gaban mitar: in ka ga jar fitilarta tana ƙiftawa da sauri, wani ya tsoma hita a bokiti. Hitar nan da dutsen guga kowanne yana jan wajen wat 1,000, wato fararen ƙwai ɗari a lokaci guda. Mai ita yawanci shi ne wanda ya fi kowa ɗaga murya a taron.

Yanzu ga babban ɓarawon, rufin kwano. Kakanninmu sun gina soro da tubali da azara, bango mai kauri da ke shanye zafin rana ya riƙe shi sai dare ya yi. Muka waye, muka rushe, muka sa bulo da kwano, sannan muka shiga neman fankar da za ta riƙa juya mana iska mai zafi a watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40. Maganin ba ɓoyayye ba ne. A sa silin, ko da na tabarma ko zana ne, a bar rata tsakaninsa da kwanon. A shafa wa rufin farin fenti ya riƙa mayar da rana inda ta fito. A fasa taga ta biyu daura da ta farko don iska ta sami hanyar wucewa, a dasa darbejiya ta yamma da ɗaki. Ka kai wa mai gidan haya wannan shawara cikin ladabi. Zai yaba da hankalinka, ya yarda ka yi da kuɗinka, in shekara ta zagayo ya ƙara maka haya tunda ɗakin ya gyaru.

Firji kuwa, in dai wutar awa huɗu ce, kabad ne mai tsada. Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya sami lambar yabo ta kamfanin Rolex na Suwizalan a shekarar 2000 saboda tukwane biyu: ƙarama cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a bisa. Ruwan yana tsotsewa yana tafiya da zafin, yalo da tumatir da alayyafo su ƙara kwanaki ba su yi yaushi ba. Ya fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe. In baƙi sun yi dariya, ka ce musu daga Suwizalan aka yaba, nan take za su nemi a sayo musu.

Uwargida, ke ce ministar makamashin gidan, ko da ba a rantsar da ke ba. Murhun duwatsu uku unguwa yake dafawa, tukunya ragowa take samu. Ki kewaye shi da laka, ki bar baki ɗaya na itace, ki ga yadda ɗauri zai ƙara kwana. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, ki daina buɗewa kina gaisawa da ita. Ki fitar da girkin waje, ko ki buɗe taga, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta hayaƙin girki yana kashe kusan mutum miliyan 3 a shekara, kuma nan babu raha.

Haka ma ɗan ƙaramin janareto. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya koma kayan ado a gidaje da yawa, amma ranar da ka samu lita biyu, kada tsoron ɓarawo ya sa ka shigar da shi ɗaki ko soro ka rufe ƙofa. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. Ka ɗaure shi da sarƙa a tsakar gida.

Saura ranar da aka kawo wuta ƙarfe biyun dare, yara suka farka suna ihun NEPA, hukumar da aka sauya wa suna tun 2005. Kada ka ruɗe. Waya tukuna, sai fitilar caji, sai famfo in akwai, sannan ka goge kayan mako gaba ɗaya tun dutsen yana da zafi. Ka fara da rigar Juma'a, domin ba lalle ka kai ga wandon ba.