Kano Zuwa Guangzhou a Kujerar Tsakiya

Maigidana na Kantin Kwari ne ya ce babu nisa. Ya saba zuwa ƙasar Sin sarin yadi, da ciwon ƙafa ya kwantar da shi sai ya tura ni. "Kana rufe ido ka buɗe, kun sauka," in ji shi. Bai gaya mini cewa shi kujerar manya yake shiga ba, wadda ake miƙarwa ta koma gado.

Tsakanin Kano da Guangzhou kusan kilomita 11,000 ne. Ta Adis Ababa muka bi. Da muka sauka filin jirgi na Bole bayan awa huɗu da wani abu, na miƙe ƙafa na ce alhamdu lillahi, an ci rabi. Wani dattijo ɗan kasuwar Wambai ya dube ni da tausayi ya ce, "Yaro, ko sulusi ba ka yi ba. Saura kilomita 8,000." Don baƙin ciki na zauna na yi ta kwankwaɗar gahawar Habashawa, mai daɗi kuwa, na bi ta da ruwan gora.

Tsakar dare muka tashi. Kujerata ta tsakiya ce: hagu wata tsohuwa 'yar Sin, dama wani ƙato da ya fara minshari tun jirgi bai bar ƙasa ba. A gabana ga ɗan allo mai taswira. An ce muna gudun kilomita kusan 900 a awa, amma jirgin da ke allon tafiyar hawainiya yake yi. Na yi gyangyaɗi na farka, muna kan teku. Na sake farkawa, har yanzu teku.

Daidai sararin Indiya gahawa ta nemi hanyar fita. Na taɓa ƙaton nan na ce, "Bawan Allah." Shiru. Na gwada Turanci, na gwada ɗan Larabcin da na tsinta a makarantar allo, ko gezau. Sai na tattare babbar rigata, na ɗaga ƙafa zan tsallake shi. Ƙafa ɗaya tana sama jirgin ya shiga gargada, rigar ta maƙale a hannun kujera, na faɗa daɓas a cinyarsa. Ya buɗe ido, muka kalli juna. Hulata kuwa tana cikin kwanon taliyar tsohuwar. Ma'aikaciyar jirgi ta ɗago hannu daga nesa: a zauna, a ɗaura bel. Na koma na zauna da kayana, ina ta hasbunallahu har muka wuce Indiya, ƙasar da a ranar na san faɗinta.

Awa goma muka yi a sama, amma muna sauka agogon bango ya nuna la'asar, don sun riga Habasha da awa biyar, sun riga Kano da bakwai. A masauki, a unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka yi sansani, na shimfiɗa darduma gabas, mai share ɗaki ya juya mini ita yamma. Makka tana bayanmu. Washegari ƙarfe tara na safe na kira maigidana in gaishe shi da jiki. Biyun dare ne a Kano, na kuwa tsaya na tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya.

Dawowa ta fi zuwa tsawo, saboda iskar can sama daga yamma take kaɗawa. Duk wanda za a aika Sin, ya roƙi kujerar bakin hanya tun wajen yankar tikiti.