Tsakanin Alhaji da Malam, Taƙi Ɗaya Ne

Idan kana son sanin darajarka a Maiduguri, kada ka tambayi dangi. Je wurin bikin wushe-wushe a GRA, ka saurari sunan da mai gadi zai kira ka da shi. In ka zo da Camry irin wadda ake wa laƙabi da Muscle, tun daga nesa zai ruga ya wangale ƙofa: “Ranka ya daɗe, Alhaji!” In kuwa Corolla ce, sai ya ɗaga hannu: “Malam, matsa can gindin dalbejiya.”

Na sa an auna mini motocin nan biyu. Camry ta kai mita 4.8, Corolla kusan 4.5. Ashe duk wannan Alhajin da ba a je Makka ba, taƙi ɗaya ne da ’yan yatsu!

Da can girman araha ne. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, Alhaji ya shiga uku. Tankin Camry lita 70 yake ci, na Corolla 50. Maƙwabcina mai Camry rabonsa da cewa “cika ta” har ya manta. Yana isa gidan mai sai ya sauke gilashi kaɗan, ya raɗa wa yaron: “Sa na dubu biyar.” A zafin Afrilu, rana ta haura digiri 40, zai rufe gilashi ruf don a ɗauka sanyin AC yake sha, alhali gumi ya jiƙa hular Zanna Bukar har ta sauya launi.

Daga Litinin zuwa Alhamis motar na lulluɓe da tampol kamar amarya. Shi kuwa yana cikin Keke Napep daga Bulumkutu zuwa Post Office, ya matse tsakanin buhun albasa da wata dattijuwa mai ƙamshin turaren wuta, makullin Camry na lilo a yatsa don kada a raina shi. Ranar Juma’a ake fito da ita ta gaisa da jama’a.

Mai Corolla ma ba waliyyi ba ne. Ya kai yara makaranta, ya kutsa cunkoson Kasuwar Monday, ya loda buhun gero da kifin Baga har bayanta ya dangana da ƙasa. Amma kullum bakinsa da uzuri: “Ai ta madam ce, tawa tana hanya daga Kwatano.” Shekara huɗu ke nan tana hanya.

Wannan yana jin kunyar tankinsa, wancan yana jin kunyar motarsa, duk don mai gadin da gobe ba zai tuna fuskar kowa ba. Ɗan’uwa, sayi wadda aljihunka zai iya ciyarwa. Kowa ya daka ta maƙwabci, da tampol zai ƙare.