Baƙo a Ikko: Dabarun Cinye Dare Kafin Dare Ya Cinye Ka

Ofis ya turo ka Legas taron bita na kwana uku. An ba ka kuɗin kwana, an kama maka ɗaki a wani otal a Ikeja. Ƙarfe biyar ana tashi, 'yan gari kowa ya ari ta kare don ya riga cunkoso. Ka waiga, ba kowa sai kai da jakar taro da biro. War haka a gida da an shimfiɗa tabarma a majalisa, ana musun ƙwallo da siyasa. Na sha wannan zaman marayu har na ƙware, don haka matso kusa, ɗan'uwa.

Da farko, kada ka yi gaggawar komai. Lokaci ne kaɗai abin da kake da shi har ya yi maka yawa. Ka sani Legas tana yamma da Kano, magariba kan yi jinkirin wajen minti 20. Ga shi kai matafiyi ne, isha'inka raka'a biyu ce, ka sallame tun ba ka gama tunanin abin da za ka yi bayanta ba. To ka ja wanka. Ka murɗa famfon ruwan zafi, ka murɗa na sanyi, ka yi ta sulhu tsakaninsu. Ka fito ka bi tashoshin talabijin ɗaya bayan ɗaya har ka dawo inda ka faro. In ka ɗaga labule don ganin birni, janareton otal za ka gani. Ka gaishe shi, shi ne abokin hirarka har asuba.

Na biyu, kira gida, amma ka kashe talabijin tukuna. Ni na taɓa mantawa. Ina cikin cewa kaɗaici ya dame ni, sai wata mai karanta labarai ta yi gyaran murya. Uwargida ta ce, "Maigida, kaɗaicin naka har magana yake yi?" Sai da na zagaya da waya ta ga bayan ƙofa da ƙarƙashin gado. Kuma kada ka kuskura ka ce ba ka da abin yi. Kana faɗa za a samo maka: leshi daga kasuwar Balogun, takalmin yara, da jaka irin ta matar maƙwabci. Ka ce aiki ya sha kanka.

Na uku, ga nishaɗi mafi araha: shiga cunkoso da gangan. Mutanen Legas kuka suke da shi, kai kuwa nemansa kake. Ka hau danfo, 'yar rawayar motar nan da kwandasta ke lilo a ƙofarta yana kiran sunayen unguwanni kamar mai rabon gado. Ka nufi gadar Third Mainland, wadda Janar Babangida ya buɗe a 1990. Tsawonta kilomita 11.8 ne, amma ranar da hanya ta cushe sai ka rantse ka kai Zariya. Kafin ku hau gadar, kasuwa da kanta za ta zo maka taga: ruwan sanyi, soyayyar ayaba, cajar waya, har matashin kai. Ka riƙe canji, domin ba kwandasta dubu ɗaya tamkar ba kura ajiyar nama ne. In za ka sauka ka ce "owa" da ƙarfi. In ka tsaya cewa "Malam direba, don Allah akwai sauka," sai ka ga tashar ƙarshe. Jirgin ƙasan da ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2 a 2023 kuwa, ka guje shi. Yana da sauri, zai ɓata maka shiri.

Na huɗu, abinci. Takardar farashin otal a karanta ta kawai, kamar jarida. Ka fita ka nemi mai amala da miyar ewedu. Za ta tambaye ka ko kana cin yaji, kai kuma ka tuna kai jikan masu yajin ƙuli ne, ka ce a zuba. Loma ta uku hawaye za su sauko. Ka bar su su zuba, dama ce ta samu: kowa zai ɗauka barkono ne, ba wanda zai san kewar tuwo da miyar kuka ce.

Na biyar, in ka matsu sai ka ga teku, ka je. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari an cike ta da yashi ana gina Eko Atlantic a kai, sauran gaɓar kuma sai ka biya kuɗin shiga. Ka tsaya nesa, ka riƙe hularka, ka ce "Allah mai iko," ka ɗauki hoto. Wanda ya koyi iyo a kududdufi ba ya gaisawa da wannan ruwa hannu da hannu.

Na shida, ranar ƙarshe ka daina wahalar da kanka. Ka bi hayaƙin tsire. Ko Obalende ne, ko Idi-Araba, ko Mile 12 inda motocin tumatir da albasa ke sauke kaya, ko Agege, wadda cinikin goro da layin dogo suka tara mata Hausawa tun zamanin Turawa, har da Sarkinsu. Duk inda ka ga tebur da gwangwanayen madara jere kamar sojoji, ka yi sallama. Mai shayi zai ɗago ya ce, "Alhaji, daga ina?" Shi ke nan. Kafin ya gama jujjuya shayi daga kofi zuwa kofi, an gano ƙanwar matar mai tsire tana aure a layinku, mai gadin can kuma ya yi almajirci a bayan gidan kakanka. Ga burodin Agege, ga wainar ƙwai, ga musun ƙwallo da siyasa daidai inda ka baro shi a gida. Kai da ka rasa yadda za ka yi da dare, sai ga shi ana ce maka sha biyu ta wuce.

Sai dai ka sani zumunci ba kyauta ba ne. Da yake kai ne "Alhajin da ya zo a jirgi," kuɗin shayin benci duka a kanka yake. Da safe kuma za ka tarar da mutum uku a ƙofar otal, kowa da ƙunshin saƙo: wannan na Fagge, wannan na Kurna, wannan na wani ƙauye "nan kusa da Kano" wanda ashe a Jigawa yake.

Ka karɓa, ka ce Allah ya kai mu lafiya. In ka koma majalisa aka ce yaya Ikko, ka gyara zama, ka girgiza kai, ka ce, "Ai garin nan ba a barci." Ba ƙarya ka yi ba. Janareton otal shaida ne.