Humrar Gwaggo da Dokar Mililita 100

A garinmu Gwandu, idan aka ce mace za ta hau jirgin sama, tandun kwalli ake fara nema kafin a tambayi inda fasfo ya shige. Na ga wannan da idona shekarar da Allah ya kira Gwaggona zuwa aikin Hajji, ni kuma aka ce in bi ta a matsayin muharrami, wato ɗan dako mai lasisi.

Saura mako biyu a tashi, ɗakin Gwaggo ya koma rumfar 'yan koli. Ga hoda gwangwani biyu, ga jan-baki, ga jagira, ga man kaɗanya a robar fenti, ga ƙullin lalle, ga dilka da kurkum, ga turaren wuta har da kaskonsa. Uwa-uba wata ƙatuwar kwalbar humra da aka kawo mata daga Maiduguri, wadda ko ranar Sallah sai ta yi shawara da zuciyarta kafin ta buɗe. Duk wannan a jakar hannu za a zuba, jakar da hukumar alhazai ta ce kada ta wuce kilo 8.

Na ce, "Gwaggo, ibada fa za mu." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ibadar da ƙazanta anka ce a yi ta?" Na ja bakina na yi shiru.

Daga baya na gano inda gizo ke saƙar. Aminiyarta ta Kalgo ita ma ta biya kujera, kuma labari ya iso cewa ta sayi wata jakar kwalliya mai hawa uku da madubi a murfi. Tsakanin Gwandu da Kalgo mota na ɗaukar lokaci, amma labarin abin da wata ta saya kan riga kowace mota isowa. Tun daga ranar Gwaggo ta daina shirin zuwa Makka, ta koma shirin haɗuwa da 'yar Kalgo.

Ɗiyata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, can kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ta zo hutu ta tarar da wannan baje-koli. Ta zauna ta yi wa kakarta bayani dalla-dalla. Duk abin da yake ruwa-ruwa ko mai maiƙo, in dai a hannu za a riƙe shi, kwalbarsa kada ta wuce mililita 100, kuma a tara su cikin leda ɗaya mai nuna abin da ke ciki, wadda ba ta fi lita ɗaya ba. Ta ce dokar ta samo asali ne a watan Agustan 2006, lokacin da jami'an tsaron Ingila suka bankaɗo shirin wasu na tarwatsa jiragen da ke zuwa Amurka da abubuwan fashewa na ruwa da aka ɓoye a kwalaben lemo.

Gwaggo ta ce, "To ni mi ya haɗa ni da Ingila? Kuma mi a mililita? Ki hwaɗa min da ludayi." Yarinya ta yi lissafi ta ce bai kai cokalin cin abinci bakwai ba. Gwaggo ta tafa hannu tana salati. "Cokali bakwai! Wanga ai ko ƙahwa guda ba ya shahewa. Ke dai kishiya, so kike in isa ƙasa mai tsarki da hurhurar jiki ki samu na dariya."

Ranar tafiya muka isa filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, filin da jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi daga cikinsa a 2024. Muka shiga layin bincike, 'yar Kalgo na gabanmu da jakarta mai hawa uku. Suka gaisa da Gwaggo, baki na ta fara'a, ido kuwa na kan jaka.

Jakar Gwaggo na shiga na'ura sai na ga ma'aikaciyar ta gyara zama. Ta buɗe, ta zaro wani siririn ƙarfe mai tsini ta ce, "Mama, wannan fa?" Gwaggo ta amsa da ƙarfinta, "Kibiya ta!" Wuri ya yi tsit. Wani ɗan sanda ya waiwayo. Sai da na yi rantsuwa cewa ta tsifar kai ce, babu baka babu kwari, sannan aka koma numfashi. Duk da haka kibiya ta tafi kwandon da aka ajiye a gefe, reza da almakashi suka bi bayanta.

Sai aka zo kan humra. Ma'aikaciyar, baiwar Allah mai haƙuri, ta ce kwalbar ta yi girma. Gwaggo ta ɗaga ta sama ta ce, "Ɗiyata, duba da kyau, ko rabi ba ta kai ba." Aka ce mata girman kwalba doka ke dubawa, ko da ɗigo ɗaya ya rage a ciki. Ta ce a bari ta sha kaɗan a ga ba bam ba ne. Aka ce a'a. Ta kawo maganar zumunci, ta tambayi ma'aikaciyar 'yar gidan wa ce, ko Allah zai sa a haɗa kaka. Nan ma ba ta ɓulle ba.

Da ta ga ƙasa ta ƙure, sai ta cire murfi. Ta shafa a wuya, ta shafa a hannu, ta yayyafa a hijabi. Ta juya ta bi layi tana tsiyaya wa kowace maniyyaciya a tafi tana cewa, "Sadaka, ku sa ni addu'a." Ni ma da na matso in ba ta baki sai da ta zuba min a hula. Cikin minti biyar kwalba ta koma fanko, ta miƙa wa ma'aikaciyar ta ce, "Ga mililitarku nan." Sa'armu ɗaya Madina muka fara nufa, ba a ɗaura harami ba tukuna, don mai harami ba ya taɓa turare. Da ba haka ba, da rabin jirgi ya sauka yana neman malamin da zai yi masa lissafin fidiya.

'Yar Kalgo fa? Hawa biyu na jakarta suka kwana a kwando. A cikin jirgi na hango su kujera ɗaya, su da suka yi mako biyu suna gasa, suna yi wa juna jaje kamar an yi musu gobara.

Kada maza su yi saurin dariya. A layinmu na ga dattijon da aka raba da 'yar wuƙarsa ta yankan farce yana cewa gadon kakansa ce. Na ga wanda ya naɗe goro cikin safa, alhali tun a wurin bita ake nanata cewa Saudiyya ta hana shiga da shi. Ni kaina, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, an karɓe min kwalbar zuma da na yi wa masauki cikin zanen harami.

Abin da ya fi ba ni dariya sai da muka isa. Kewayen masallacin Madina shagunan turare ne jere, ga almiski, ga udu, ga kwalli irin wanda alhazai ke kawo mana tsaraba tun muna yara. Ashe mun yi ta dakon kifi ne zuwa Argungu. Gwaggo ta shiga shago na farko ta sayi abin da ya ninka wanda ta bari, 'yar Kalgo ta ga haka ta ninka nata, ni kuma na koma tunanin sikelin dawowa.

Kakanninmu da suka je Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan sun yi shekaru a hanya, jaki na ɗauke da tandu da ƙwarya, babu wanda ya auna musu cokali. Mu da muke zuwa cikin 'yan sa'o'i, kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Saboda haka Hajiya, ke da ke shirin bana, ki nemi ƙananan kwalabe ki ɗura abin da zai ishe ki, babbar kwalba da kibiya su shiga jakar da ake aunawa, sauran ki bar wa kishiya ajiya in kin yarda da ita. Hulata dai har yau ƙamshin humrar Gwaggo take yi, kuma uwargida ba ta gama yarda da bayanina ba.