Ayarin Asabar a Landan

Iyalin Bahaushe da ke zaune a Landan ba su cika fita yawon buɗe ido ba sai da dalili: ko an yi baƙo daga gida, ko yara sun samu dogon hutun Agusta sun hana kowa sakat a ɗaki biyu da falo. Ranar da aka fita kuwa ayari ne guda, kuma kowane ayari ka tare, mutanen nan za ka samu a ciki.

Madugu shi ne Maigida Mai Lissafi. Gangar jikinsa ce kawai a Ingila, ƙwaƙwalwarsa tana Wapa wajen 'yan canji. Tun da fam guda ya haura naira 2,000 a 2024 bai ƙara sayen ruwan roba da daɗin rai ba. Kai shi gindin London Eye, ƙaton lilon nan mai tsayin mita 135 a bakin kogin Tems. Zai dubi kuɗin tikiti, ya ninka shi sau shida, ya mayar da shi buhunan shinkafa, sannan ya gyara murya: "Minti 30 fa kacal yake juyawa. Ai daga nan ƙasa ma ana ganinsa sosai." Ya haddace cewa yaron da bai kai shekara 11 ba kyauta yake hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa in yana tare da babba, shi ya sa ranar da ɗan farinsa ya cika 11 ba a yi wata murna ba. Wurin da ransa yake so shi ne Gidan Tarihin Birtaniya, inda ba a karɓar ko kwabo a ƙofa. Can zai ja yara zuwa gaban tagullan Benin da sojojin Turawa suka kwaso a 1897, ya ce, "Kayanmu ne, da wane ido za su ce mu biya?" Shi kuwa bai taɓa taka garin Benin ba.

A bayansa Uwargida Mai Kula. Tun asuba take kicin, don ta yi imani abincin Bature ba ya zama a ciki. Dafa-duka a kula ɗaya, soyayyar kaza a ta biyu, zoɓo a jarka, duk an lafta su a keken jariri, jaririn kuma yana goye. Abokan gabarta su ne tsuntsayen bakin teku na Brighton, waɗanda ba su san kunya ba, har cinyar kaza suke fizgewa daga hannun yaro.

Sai 'Yar Hoto, ƙanwar uwargida ko babbar 'ya. Ita ba ta ga Fadar Bakingham ba, bayanta ta ba ta. Duk abin da aka zo kallo, keya take juya masa ta miƙa wa wani waya. Tana da hoto a jikin jan akwatin tarho, tana da wani a gaban jar bas, kuma kafin a koma gida duk dangi sun gani a WhatsApp. Nan rigimarta da Mai Lissafi take, kuma a wannan gaɓar ina bayansa. Hoto ɗaya a ƙofar fada, kafin Magariba kira uku sun shigo: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, da wani kawu da rufin ɗakinsa ya daɗe yana yoyo amma sai yau ya tuna.

Malam Mai Alƙibla idonsa na kan agogo. Yana da hujja: a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, a Yuni kuwa sai bayan 9 na dare, saboda haka ko dai salloli sun cunkushe a tsakiyar yawo, ko an dawo gida an gaji ana jiran Magariba. Gorar ruwa ce butarsa. In aka nufi Madame Tussauds sai ya ja tunga, shi ba zai biya kuɗi ya kalli gumaka ba, a same shi a babban masallacin da ke gefen Regent's Park. Sau da yawa in ka duba da kyau Mai Lissafin ne dai, hula ya sauya.

Amma tauraruwar ayari ita ce Hajiya Kaka, wadda ta zo wankan jego da bizar wata shida. Da fushi ta shigo ƙasar, don an raba ta da kilishinta a filin jirgi, tunda doka ta hana shigo da nama daga Najeriya, kuma har yanzu ta ce ma'aikatan cinyewa suka yi. Tana shiga jirgin ƙasa ta yi wa jama'a sannu. Ba wanda ya ɗago kai. Ta juya ga 'yarta: "Rasuwa aka yi musu ne?" Sojan ƙofar fada mai doguwar hular gashi tausayi ya ba ta, yaro a tsaye ko ƙifta ido ba ya yi, ba wanda ya miƙa masa ruwa. Ranar da surukinta ya daure ya tuƙa mota kusan awa biyu ya kai ta Stonehenge, ya yi mata bayanin cewa duwatsun sun kai shekara 4,500 a tsaye, ta dube su sama da ƙasa. "Yanzu Baban Khalifa, waɗannan aka biya kuɗi mu gani? Allah ya kai ka dutsen Kwatarkwashi." Suruki ba ya musu da suruka. Ya ce amin.

Yara haifaffun can, su ba ruwansu. A yi musu Hausa su amsa da Turanci, su gyara wa ubansu lafazin sunan tasha a bainar jama'a, su ƙi dafa-duka su ce sai soyayyen dankali. Kaka ta ɗaga hannu, uwar ta riƙe ta da sauri: "Hajiya, nan ba gida ba ne."

Na ƙarshe ba a cika ganinsa ba. Shi ne wanda ya shekara goma a garin amma baƙon kwana uku ya fi shi sanin Landan. Aikin dare yake a gidan kula da tsofaffi, ranar hutunsa ta barci ce, kuma amsarsa kullum ita ce "sai an yi baƙo". Tambaye shi Tower Bridge, zai ce yana hango ta ta tagar bas in ya taso aiki. Ranar da aka matsa masa ya bi ayari, aka hau jirgin ruwa zuwa Greenwich don a ga inda agogon GMT ɗin da ake ji a rediyo ya samo asali, tun kafin a bar gaɓa ya fara minshari. Da aka tashe shi a can, ya yi miƙa ya ce gaskiya wurin ya yi, mako mai zuwa ma a dawo.